Wanda Ya Yi Wayo Ma Ɗa Ne

Yau maganar da ɗaci, amma don Allah a karanta har ƙarshe.

Duk azumi muna haɗa kuɗi mu kai shinkafa da atamfa gidan marayu, a ɗau hoto, a watsa a Facebook, kowa ta koma gidanta. Yaran kuwa suna nan inda muka bar su. In ma an tashi neman riƙo, kowa jinjiri take so. Ɗan shekara 7 ko 10 sai ki ji an ce, "Ai wannan ya riga ya yi wayo, ba zai ɗauke ni uwa ba." Haba Hajiya! Wayon nasa ne laifinsa? Haka zai zauna har ya kai 18, doka ta ce ya zama babba, ya fito ba shi da gidan da zai je ranar sallah, ba mai nema masa aure. Tun 2009 rikicin Boko Haram yake barin marayu a Borno da Yobe, ga na 'yan bindiga a Zamfara da Katsina. Da yawansu ba jarirai ba ne.

Ku tuna, Annabi (SAW) yana ɗan shekara 8 baffansa Abu Ɗalib ya karɓi riƙonsa.

Wata za ta ce gado fa? Ɗan riƙo ba ya cin gado, kuma sunan mahaifinsa zai ci gaba da amsawa, kamar yadda Suratul Ahzab ta umarta. Amma kina iya yi masa kyauta kina da rai, ko wasiyya har kashi 1 cikin 3. Wata ta ce ba muharraminta ba ne, tunda ya wuce shekarun shayarwa. Gaskiya ne. To ƙanin miji fa, ba ma zama da shi gida ɗaya? A kiyaye sutura, a raba makwanci, shi ke nan.

Sai dai gargaɗi: wadda za ta ɗauko yarinya don wanke-wanke da talla alhali nata suna makaranta, ta bar ta kawai. Wannan bauta ce aka sa wa sunan riƙo.

Mai niyya ta fara shawara da maigida, sannan ta je ma'aikatar harkokin mata ta jiharta. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi riƙo ta hannun kotu, don haka ban da karɓar yaro ta bayan fage.

Kowace shugaba ta sa wannan batu a taronta na gaba. Waɗanda muka sha rana a layi muka zaɓa kuma, mu tambaye su a gabansu: me suka ware na karatu da maganin 'ya'yan riƙo?

Ɗa na kowa ne. Allah Ya jiƙan iyayen marayu. A tura wa sauran mata.