BOKA YA DAWO TA CIKIN LITTAFI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Shi kaɗai Ya san gaibu, kuma amfanarwa da cutarwa suna hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan wata muna so mu ja hankalinmu zuwa ga wani al'amari da ya game ƙauyukanmu na arewacin Kano, tun daga Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, alhali kuwa masu wa'azi ba su cika waiwayarsa ba. Muna nufin littattafan nan na yaƙi da aljanu waɗanda samarinmu suka duƙufa a kansu. An daɗe ana magana a kan littattafan soyayya tun lokacin da suka cika kasuwannin Kano a shekarun 1980, domin iyaye suna tsoron lalacewar tarbiyyar 'ya'yansu mata. Amma littafin da aka zana takobi da dodo a bangonsa, sai uba ya gan shi a hannun ɗansa ya ce ai gara wannan, tun da babu batsa a ciki. To, mu muna cewa wannan kuskure ne babba. Littafin batsa ɗabi'a yake ɓatawa, wannan kuwa aƙida yake taɓawa, kuma kowa ya san wanda ya fi nauyi a cikin biyun.

Abin da ke cikin littattafan

Wanda bai taɓa buɗa su ba ya saurara. Kusan dukkansu a kan turba ɗaya suke tafiya. Akwai sarki azzalumi mai bautar gunki, a gefensa kuma akwai boka mai madubin tsafi ko ƙwaryar tsafi. Bokan zai duba ya faɗi cewa bayan shekara kaza za a haifi yaro a gari kaza wanda zai rushe mulkin. Sai a haifi yaron, a ranar da boka ya faɗa, a garin da ya faɗa. Yaron zai girma ya fita neman wani takobi ko zobe wanda duk mai riƙe da shi ƙarfe ba ya cinsa, aljani kuma zai ɗauke shi tafiyar shekara arba'in cikin dare ɗaya. Haka za a yi ta tafiya littafi na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne yana ƙarewa a daidai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba sai ya nemi na gaba.

A da sai an kawo su daga birni ranar kasuwa, ko a karɓi haya a wurin mai tebur. Yanzu kuwa ba a ma bukatar iya karatu. Ana karanta su a naɗa, yaro ya kai wayarsa wurin mai caji a zuba masa, ya sa abin saurare a kunne ya tafi gona ko kiwo da su. Wato wanda bai taɓa shiga aji ba shi ma ya samu rabonsa.

Wani malamin Islamiyya a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan ya ba mu labarin abin da ya same shi. Yana karantar da imani da gaibu, sai wani ɗalibi ɗan shekara goma sha huɗu ya ɗaga hannu ya tambaya, da zuciya ɗaya ba da shaƙiyanci ba, wai shin bokayen da can sun fi na yanzu sanin abin da zai faru ne? Yaron ya riga ya sallama cewa boka yana sani. Abin da yake nema kawai shi ne wanda ya fi wani. Wannan yaro bai taɓa zuwa gidan boka ba, iyayensa kuma masu salla ne. Bokan ne ya zo ya same shi har cikin ɗakinsa.

Amsa ga masu cewa nishaɗi ne

Hujja ta farko da ake kawo mana ita ce, ai kowa ya san ƙirƙira ce, nishaɗi ne kawai. Mu ba mu ce ƙirƙirar labari haramun ce ba, kuma duk wanda ya jingina mana wannan ya zalunce mu. A zaurukan malamanmu na Kano an daɗe ana karanta Maƙamatul Hariri, alhali kowa ya san labaran Abu Zaidi na cikinta ƙirƙira ne. Kalila wa Dimna da Ibnul Muƙaffa'i ya mayar Larabci tun ƙarni na 8 na Miladiyya, dabbobi ne ke magana a cikinsa, kuma malamai ba su fasa amfana da hikimarsa ba. Iyayenmu mata sun yi mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, babu yaron da ya tashi yana neman taimakon Gizo, domin babu gidan Gizo a bayan gari. Amma akwai gidan boka, akwai mai bugun ƙasa, akwai mai ba da maganin ƙarfe, kuma ƙofarsu a buɗe take. Littafin da ya shafe shafi ɗari uku yana nuna cewa aikinsu yana ci, talla yake yi musu ko marubucin ya nufa ko bai nufa ba.

Mu dubi abin da Alƙur'ani ya koyar. A Suratu Saba'i, aya ta 14, Allah Ya ba mu labarin rasuwar Annabi Sulaimanu (A.S.), yadda aljanu suka ci gaba da aikin wahala ba su san ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa ya faɗi, don a gane cewa aljanu ba su san gaibu ba. A Suratul Jinni, aya ta 6, an bayyana cewa mutanen da suke neman tsari da aljanu babu abin da suka ƙaru da shi sai wahala da ɓata. A Suratul Baƙara, aya ta 102, an nuna cewa masu sihiri ba sa iya cutar da kowa sai da izinin Allah, kuma mai sayensa ba shi da rabo a Lahira. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta dare arba'in. To, yaro ya ji wannan sau ɗaya a aji, sa'an nan ya kwana yana jin kishiyarsa wata da watanni. Wanne kuke zato zai zauna masa?

Hujja ta biyu ita ce, ai a ƙarshen littafi Musulunci ne ke yin nasara, jarumi ya karɓi kalimar shahada, gumaka su rushe. Gaskiya ne haka ake rufe da yawa daga cikinsu, kuma muna kyautata zaton cewa marubutan alheri suka nufa. Sai dai a lura da yadda nasarar take zuwa. Jarumi zai karanta wata addu'a, nan take wuta ta fito ta ƙone rundunar aljanu, daidai yadda tsafin boka yake aiki a shafukan baya. Wato an mayar da addu'a wani makami irin na boka, sai dai ta fi ƙarfi. Wannan ba tauhidi ba ne. Addu'a roƙo ne da ƙasƙantar da kai, Allah Ya amsa lokacin da Ya so ta yadda Ya so. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya sa sulke ranar Uhudu, aka kuma ji masa rauni. Yaron da aka saba masa da cewa addu'ar gaskiya take-yanke ce, ranar da ya roƙa bai gani ba nan take, ina kuke tsammani zai nufa?

Hujja ta uku ita ce, ai magabatan marubuta ma sun yi. Ana nufin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933, da kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Lalle akwai aljanu da abubuwan al'ajabi a cikin irin waɗannan. Amsarmu ita ce ma'auni ɗaya ne ga na da da na yanzu, tsufan littafi ba ya wanke shi. Sai dai waɗancan ƙanana ne, ƙidayayyu, kuma galibi a aji aka karanta su gaban malami. Ba su zama abincin dare da rana ba.

Tarihi ya riga ya gargaɗe mu

Wannan dabara ta shagaltar da mutane da hikayar jarumai ba sabuwa ba ce. Malaman sira sun ambaci Nadru ɗan Harisu, Baƙuraishe, wanda ya je Hira ya koyo labaran sarakunan Farisa da na Rustum da Isfandiyar. Idan Manzon Allah (S.A.W.) ya tashi daga majalisa, sai shi ya zauna ya shiga ba mutane waɗannan labarai don ya janye su daga Alƙur'ani. Wasu malaman tafsiri sun ce a kansa aya ta 6 ta Suratu Luƙman ta sauka, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala don ɓatarwa, ko da yake Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) ya fassara ta da waƙe-waƙe. Ba muna kwatanta marubutanmu Musulmi da Nadru ba ne, Allah Ya tsare. Abin lura shi ne maƙiyin da'awa ya san ƙarfin labari tun wancan zamani, mu kuwa har yau muna raina shi.

A nan ƙasarmu ma, tarihin Kano ya faro da Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausan inkari ga masu girmama itatuwa da duwatsu da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata don raba su da bori. Abin da aka yi fiye da shekara ɗari biyu ana kora ta ƙofa, shi ne yau ya tsallako ta danga, muka kuma biya kuɗi muka saye shi.

Ƙonawa ba ta isa ba

Yanzu sai mu juyo ga kanmu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, daga baya aikinta ya haɗa da marubuta. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan hikaya na Hausa a bainar jama'a. Mene ne sakamakon? Labaran sun bar takarda sun koma cikin waya, inda babu mai iya cinna musu ashana.

Manomanmu sun fi kowa fahimtar wannan. Kowa ya san wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take manne wa saiwar gero da dawa tana shanye su, kafin furenta mai kyau ya bayyana ta riga ta yi ɓarna. Kuma a gonar da ta gaji ta fi yawa. Shi ya sa a wannan yanki namu, inda gona ba ta hutawa saboda yawan jama'a, manomin kirki ba ya tsayawa a kan tugewa kaɗai, sai ya kai taki ya kuma haɗa da wake. Zukatan 'ya'yanmu gonar da ta gaji ce. A ƙauyuka nawa ne ake da ɗakin karatu? Idan an tashi daga makarantar dare, me muka ba yaro ya karanta wanda zai ji daɗinsa?

Son abin al'ajabi ɗabi'a ce da Allah Ya halicci yaro da ita, ba laifi ba ce. A 1969, shekarar da mutanen Amurka suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Shi ma ƙirƙira ne, kuma ba mu ce babu abin gyara a cikinsa ba, amma yaron da ya gama shi sama zai ɗaga kai ya duba, ya tambayi mene ne tauraro, yaya nisansa. Wannan tambaya tana kai mutum ga ilimi da girmama Mahalicci. Wancan kuwa tambayar da yake haifarwa ita ce, ina ake samun zoben? Haka za mu auna fassararrun littattafai da fina-finan ƙasashen waje ma. Wanda ya buɗe ido ga halittar Allah a karɓa, wanda ya zo da matsafa ko inkarin Mahalicci a mayar.

Kira

Saboda haka muna kira ga iyaye, kowa ya zauna da ɗansa ya saurari abin da ke cikin wayarsa ko da na rabin sa'a ne, ya tattauna da shi cikin hikima. Duka da ƙwace ba sa cire abin da ya shiga zuciya. Muna kira ga malaman Islamiyya su ware lokaci a kowane mako don ƙissoshin Annabawa da sira, su kuma ba da su da daɗin baki yadda yaro zai ƙosa mako ya zagayo. Wane jarumin ƙirƙira ne ya kai Khalidu ɗan Walidu a Yarmuk, ko Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi a Mu'uta? Muna kira ga rassanmu, kowane reshe ya tanadi ko da akwati ɗaya ne na littattafai a masallaci don bayar da aro.

Ga marubuta kuma, 'yan'uwanmu ne ku, Allah Ya ba ku baiwar da da yawa cikin masu wa'azi ba su da ita, ta riƙe saurayi har tsakar dare. Ku ji tsoron Allah a kan wannan baiwa. Ba mu ce ku ajiye alƙalami ba. Ku bar boka ya yi ƙarya a cikin littafinku kamar yadda yake yi a zahiri, ku bar jarumi ya yi nasara da haƙuri da dabara da dogaro ga Allah. Ga samari kuwa, ku tuna Bukhari ya ruwaito cewa lafiya da sarari ni'imomi biyu ne da mafi yawan mutane suke asara a cikinsu.

Allah Ya tsare mana imaninmu da na zuriyarmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.