A Auna Ƙasar Agbogbloshie Tukuna

'Yan'uwa, tun 2021 da gwamnati ta rushe kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Agbogbloshie a nan Ankara, ta mai da 'yan albasa Adjen Kotoku, muke jin zancen gini a filin. Madalla. Amma fa shekara da shekaru ana ƙona wayoyi a wurin don cire jan ƙarfe, ana fasa batiran mota. Dalma ba ta ruɓewa. Tana nan cikin ƙura, yaro kuwa kullum hannunsa a baki, kuma mu malamai mun san yadda take dakushe ƙwaƙwalwa. Kafin a aza bulo, hukumar kare muhalli ta haƙa ramuka, ta ɗebi ƙasa da ruwa ta auna, sannan a karanta mana sakamakon da Hausa a masallatan Sabon Zango.