Na'urar Rarraba Intanet a Gida: Shin Araha Ba Ta Ado?

A yau da wuya a sami gidan malamin makaranta da babu wayoyi uku ko huɗu masu shiga intanet, kowace tana cin kuɗin data nata daban. Wannan ya sa magidanta da dama suka koma sayen 'yar na'urar nan da ake kira rauta, wadda kan karɓi intanet ta hanya ɗaya, sannan ta rarraba shi ga mutanen gida ba tare da waya ba. Sai dai da zarar mutum ya shiga kasuwa, mai shago zai tare shi da karin maganar nan cewa araha ba ta ado, ya nuna masa wadda kuɗinta ya ninka na sauran sau uku. Ra'ayina shi ne, rauta mai sauƙin kuɗi ta wadaci yawancin gidajenmu, muddin an zaɓe ta da ilimi, an ajiye ta inda ya dace, an kuma kulle ta.

Ɗalibanmu na ilimin halittu sun san wata ƙa'ida da masanin tsirrai na Ingila, Frederick Blackman, ya bayyana a 1905. Ƙa'idar ta nuna cewa idan aiki ya dogara ga abubuwa da yawa, to abin da ya fi ƙaranci a cikinsu shi ke ƙayyade saurin aikin. Ganyen da ke fama da ƙarancin iskar da yake haɗa abinci da ita ba zai ƙara himma ba, ko da an ninka masa hasken rana. Haka lamarin intanet yake. Rauta ba ta ƙirƙirar intanet, abin da ya iso mata daga turken sadarwa ko daga igiyar kamfani shi take rabawa. Idan megabit 10 ne ke shigowa gida a kowace daƙiƙa, to rautar da aka rubuta wa 300 a jikin kwali da wadda aka rubuta wa 1200 duk megabit 10 ɗin za su raba. Ita kanta lambar 1200 ɗin ƙiyasi ne na haɗin lambobi biyu, wato 300 da 867, na tashoshi biyu daban-daban, kuma waya ɗaya ba ta hawa su a lokaci guda. Wanda ya biya kuɗin babbar lamba alhali sabis ɗin unguwarsu mai rauni ne, ya yi kama da wanda ya sayi ƙaton famfo ya ɗaura a bakin rijiyar da ta kusa ƙafewa.

Saboda haka aikin farko ana yin sa ne tun kafin a je kasuwa. Yawancin gidaje a ƙasar nan da layin waya suke samun intanet, don haka sai a ari layukan kamfanoni biyu ko uku, a gwada su a cikin ɗakunan gidan, da safe da kuma bayan magariba lokacin da jama'a suka fi cunkoso a kan turke ɗaya. Wanda ya fi tsayawa da ƙafafunsa shi ne abin zaɓa. A lura kuma, rautocin da kamfanonin waya ke sayarwa da rangwame galibi a ɗaure suke, ba sa karɓar layin wani kamfani. Wadda ke karɓar kowane layi takan ɗan fi tsada, amma ranar da sabis ya lalace za a ga amfanin wannan ƙarin. Abu na biyu shi ne wutar lantarki. Irin waɗannan na'urori ba su cika cin fiye da wat 10 ba, don haka wadda ke da batir a ciki, ko wadda za a iya haɗawa da ƙaramin batirin sola, ta fi amfani ga ɗalibin da ke karatun dare nesa ba kusa ba, a kan mai ƙahonni shida da ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta.

Yanzu bari mu duba yadda saƙon ke tafiya a cikin gida. Ma'abota sauraren rediyo sun saba jin ana cewa gajeren zango, mita 25 ko mita 31. To, Wi-Fi ma igiyar rediyo ce, sai dai zangonta gajere ne ƙwarai. Tashar gigahaz 2.4 tsawon igiyarta kimanin santimita 12 ne, ta gigahaz 5 kuwa kimanin santimita 6. Ta biyun ta fi ɗaukar kaya da yawa, amma ta fi saurin gajiya idan ta ci karo da bango. Ta farkon ta fi nisan zango da juriya. A gida irin namu, mai ɗakuna kewaye da tsakar gida, da kaurin bangon ƙasa ko na bulo, tashar 2.4 ita ce za ta isa ɗakin ƙarshe, kuma ita ce ke cikin kowace rauta komai araharta. Ƙarfe yakan mayar da igiyar baya, ruwa kuma yakan shanye ƙarfinta. Ke nan ajiye rauta a bayan firji, ko kusa da randa da tankin ruwa, ko cikin kabad na ƙarfe, ɓarnar kuɗi ce. A ɗora ta a sama, wajen tsakiyar gida, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Idan mai layin waya ce, a kusantar da ita ga tagar da sabis ya fi ƙarfi. Sau da yawa matsar da ita taku biyar ya fi sayen sabuwa.

Akwai fa inda araha kan zama tsada, kuma nan ne nake ganin masu karin maganar suna da gaskiya. Tsohuwar rauta ta gwanjo, wadda kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da gyaran manhaja, ƙofa ce marar sakata. Tsarin kulle na farko, mai suna WEP, masana sun nuna rauninsa tun 2001. An fito da WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. Duk na'urar da ba ta da aƙalla WPA2, ko kyauta aka ba ka, to ka gode ka bar ta. Bugu da ƙari, kowace rauta kalmomin sirri biyu gare ta: ɗaya ta shiga intanet, ɗaya ta shiga shafin sarrafa na'urar kanta. Ta biyun ce mutane ke mantawa, su bar ta yadda ta zo daga masana'anta, alhali kowa na iya sanin ta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta bi ta wannan kafa ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori, ciki har da rautoci da kyamarori, aka yi amfani da su wajen kai farmakin da ya durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu sa'o'i a Amurka. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi aika-aikar ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A sauya kalmomin biyu tun ranar farko, a sa masu tsawo, ban da sunan ɗan fari ko lambar waya.

Ko an kulle ƙofa ga na waje, saura na cikin gida. Bidiyo mai kyan hoto yakan buƙaci kimanin megabit 5 a daƙiƙa. Tun da bit 8 ne ke yin bayit 1, lissafi zai nuna mana cewa kallon sa'a guda ya haura gigabayit 2. Mutum uku masu kallo kowane dare za su cinye datar wata cikin 'yan kwanaki, a wayi gari mai shirin jarrabawa ba shi da abin buɗe littafi. Shafin sarrafawa yana nuna duk wayoyin da ke haɗe, kuma a yawancin rautoci ana iya cire baƙuwar waya. Maigida da uwargida su koyi duba shi.

Iyaye kan tambaya ko wannan igiya na cutar da jiki. Igiyar rediyo ba ta da ƙarfin tsinka sinadaran gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, saɓanin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gamsasshiyar shaidar cutarwa daga raunanan saƙonni irin waɗannan. Illar da muka tabbatar ita ce ta ƙarancin barci ga yaron da ya kwana yana latsa waya. Maganinta kuwa kyauta ne: a kashe na'urar idan dare ya yi.

Ga malaman kimiyya, ga gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike. A kunna rauta a aji, ɗalibai su riƙa auna ƙarfin saƙon a waya daga nisan mita 2, da 5, da 10. Sannan a maimaita a bayan bango, a bayan fallen kwano, da bayan jarkoki cike da ruwa, su zana sakamakon a jadawali. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa zai iya raka mahaifinsa kasuwa, ya tambayi mai shago irin kullen da na'urar ke da shi, da layukan da take karɓa, da sa'o'in da batirinta ke yi, kafin a zo maganar farashi.