Yaron da ya zaga gidajen sarakunan Holan da baƙin alli

Wannan mako za mu bar siyasa ta huta, mu leƙa ƙasar Holan, zamanin da babu na'urar ɗaukar hoto.

Cikin 1646 da 1647 wani saurayi ɗan birnin Amstadam, Roelant Roghman, wanda aka haifa a 1627, ya bi lardunan Holan da Utrecht yana zana gidajen sarakuna da na masu ƙasa. Kayan aikinsa takarda ne da baƙin alli, sai tawada da ya sirka da ruwa don fitar da inuwa. Zanen da ya yi sun haura 200. Ku duba shekarunsa, watau bai wuce 20 ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yaron bai yi wa gidajen kwalliyar ƙarya ba. Inda ya tarar da soro tsaye, da gwalalo cike da ruwa kewaye da shi, haka ya zana. Inda kuwa ya tarar da kango, kangon ya zana. Ga misali fadar Egmond, wadda 'yan tawayen Holan da kansu suka rushe a 1573 don kada sojan Sifen su fake a ciki. Lokacin da Roghman ya isa wurin, wannan yaƙi na shekara 80 bai ma ƙare ba, sai a 1648 aka yi sulhu.

To, ashe da sauran ɓarna a gaba. A 1672 rundunar Sarki Louis na 14 na Faransa ta auka wa ƙasar, gidaje da yawa na bakin kogin Vecht suka sha wuta. Fadar Nijenrode na cikinsu, a 1673. An sake gina ta, yau ma jami'ar koyon kasuwanci ce, amma mai son sanin kamanninta na dā sai ya koma ga takardar yaron nan.

Wani zai ce ai zane ba shaida ba ne, mai zane kan ƙara gishiri. Haka ne, shi ya sa masana kan gwada aikinsa da tushen ginin da suka tono. Daga baya takardun sun watsu hannu daban-daban. Da dama suna ajiye a gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amstadam.