Kafin ka yi wa mai siket dariya

Kai da ke yini a TikTok da Facebook, wataƙila ka taɓa cin karo da bidiyon wani ƙato sanye da siket, ya rungumi gungume mai tsawon kusan mita 6, ya ruga da shi ya wurga. Ka ce namiji da siket, ka danna alamar dariya ka wuce. To dakata ɗan'uwa, wannan siket ɗin yana da labari.

Abin da ka gani wasannin gargajiya ne na mutanen tsaunukan Sikotland, can arewacin Birtaniya. Daga watan Mayu zuwa Satumba garuruwa da ƙauyuka kan shirya nasu bikin. Mafi suna shi ne na ƙauyen Braemar, wanda ake yi Asabar ɗin farko ta Satumba. Sarauniya Victoria ta halarce shi a 1848, kuma har yau 'yan gidan sarauta na zuwa. Ana jifa da dutse, ana wurga guduma, ana jan igiya, ga rawa, ga masu busa algaitar nan mai jakar iska. Shi kuwa gungumen, alƙalai ba nisan jifa suke dubawa ba. So ake ya wuntsila a sama, ya faɗi a miƙe sak gaban mai jifa, kamar hannun agogo a ƙarfe 12.

Siket ɗin, wanda suke kira kilt, an taɓa haramta shi. Bayan sojojin gwamnati sun murƙushe 'yan tawaye a yaƙin Culloden a 1746, aka yi dokar hana mazan yankin sa shi, sai dai waɗanda ke aikin soja. Shekara 36 aka yi kafin a soke dokar a 1782. Daga baya masu filaye suka dinga tashin manoma don su samu wurin kiwon tumaki, mutane suka bazu Kanada, Amurka da Ostireliya. Amma ba su bar wasansu a baya ba. A garin Antigonish na Kanada ana yin bikin tun 1863, a dutsen Grandfather na jihar North Carolina kuwa tun 1956. Jikokin jikoki ne ke sa kayan kakanni su fito fili.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawancin bukukuwan nan mutanen gari ne ke ɗauke da su, 'yan sa-kai ke kafa rumfa, su karɓi kuɗin ƙofa, su share fili. Yara ƙanana ma suna da tasu gasar rawa da gudu. Wanda ya shiga fili yana ɗan shekara bakwai, da wuya ya raina abin idan ya girma.

Sai dai fa kada mu ruɗu da ƙyalli. Bikin ya tsare tufafi da kiɗa da wasa, amma bai tsare harshe ba. A ƙidayar 2011, mutum kusan 57,000 kacal ke iya magana da Gaelic, harshen asali na tsaunukan, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 5. Biki na rana ɗaya ne a shekara, harshe kuwa sai an yi shi kullum, a gida da kasuwa da cikin waya.

Nan ne maganar ta iso kanka. Har yanzu kana da duka biyun a hannu, wasan da harshen. Ga dambe, ga langa, ga kokawa wadda Nijar ta mayar gasar ƙasa tun 1975. Amma faɗa min gaskiya, 'yan wasan Arsenal nawa ka sani, 'yan dambe nawa? Yaushe rabonka da gidan dambe ko filin kokawa? Kuma sau nawa ka ji kunyar rubuta Hausa tsantsa don kada a ce kai ɗan ƙauye ne?

Ba na cewa ka daina kallon ƙwallo. Cewa nake, idan aka sa ranar wasan gargajiya a garinku, ka je, ka biya kuɗin ƙofa, ka riƙo hannun ƙaninka. Idan za ka ɗora bidiyon, ka rubuta bayaninsa da Hausa, ka faɗi sunan ɗan wasan da garinsu. Mutanen Sikotland sai da doka ta hana su kayansu. Kai babu wanda ya hana ka naka.