Begen Kaset Ba Zai Ceci Muryoyin Da Ke Cikinsa Ba

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa, da wuya a nuna masa kaset da biro a wuri ɗaya bai yi murmushi ba. Ya san abin da ya haɗa su: a zura biron a ramin kaset a riƙa wulwulawa har zaren ya koma farko, don kada a ƙarar da batir wajen mayar da waƙa baya. Ya san irin gurnanin da rakoda ke yi idan ta fara cin zare, da yadda ake zabura a kashe ta, a zaro zaren a hankali da tsinke, a miƙe inda ya yamutse, in kuma ya tsinke a liƙe shi da jan farce. Ya san batir da ake shanyawa a rana ko ya ƙara awa guda. Shi ya sa da an tabo zancen kaset a majalisa sai hira ta yi daɗi, kowa yana cewa an wuce zamani mai albarka. Babu laifi a wannan begen. Sai dai bege ne da ya tsaya a kan kwanso da biro, alhali abin da ya cancanci a damu da shi yana kwance a ƙasan akwatuna da kan rufin ɗakuna yana lalacewa. A ƙauyuka irin su Yasore, da sauran garuruwan Batsari da Safana da ke bakin dajin Rugu, akwai muryoyin da babu inda aka taɓa ɗaukarsu sai a kaset, kuma lokacin ceto su ya kusa ƙurewa.

Kafin a gane nauyin wannan magana sai an tuna abin da kaset ya canza. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, ƙarƙashin jagorancin injiniya Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Kafin zuwansa muna da garmaho da faifai, muna da rediyo, amma dukansu hanya ɗaya suke bi, daga birni zuwa ƙauye. Mawaƙin da zai shiga faifai sai kamfani irin EMI ya ga zai yi kasuwa. Wanda za a ji a rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, sai ma'aikatan gidan sun san da zamansa. Talaka dai nasa sauraro. Rakoda kuwa ta zo da jan maɓalli. Mai shayi, da direban mota, da manomin da ya sayar da gyaɗa ya sayo rakoda a kasuwa, kowa ya zama mai iya ɗaukar murya. Ko kaset ɗin da aka riga aka cika, aka ɓalle 'yan haƙoran samansa don kada a goge, sai a toshe ramin da takarda a sake ɗaukar wani abu a kai. Wannan ne karon farko da mutumin karkara ya sami ikon ajiye maganarsa ba tare da ya iya boko ko ajami ba, kuma ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Jama'a kuwa sun yi amfani da wannan iko. Kowa ya san rawar da kaset ya taka wajen yaɗa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Bauchi, da yadda muhawarar Izala da ɗariƙu ta ratsa lunguna bayan kafa ƙungiyar a Jos a 1978, da yadda karatun Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya shiga gidaje tun kafin a kashe shi a Kano a 2007. Kowa ya san 'yan kaset na Ƙofar Wambai da ke kwafar waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Barmani Coge suna rarrabawa har Maraɗi da Damagaram. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ɗaukar gida. An ɗauki makaɗan noma a bakin gona ranar gayya, suna kiran sunayen samarin da suka fi ƙwazo. An ɗauki kirarin maharba da 'yan tauri, da kiɗan dambe bayan kaka, da waƙoƙin mata a gidan biki. An ɗauki karatun malamin zaure a watan azumi, wanda iyakar shahararsa garinsa da maƙwabta. Sannan ga wasiƙar kaset: ɗan ci-rani a Ikko ko mazaunin Makka ya zauna ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da za a yi da kuɗin da ya aiko, a taru a tsakar gida a saurara, a juya kaset a mayar masa da amsa. A irin waɗannan ne za a ji Hausar yammacin Katsina yadda take a bakin masu ita, da sunayen gonaki da fadamu da burtalai, da yadda Bahaushe da Bafulatani ke ambaton juna a lokacin da ake zaman lafiya.

Wannan taska ba ta jira. Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu, faɗinta bai kai rabin santimita ba. Zafi yana sa ta ta saki, danshin damina yana sa ta fumfuna ta manne da juna, ƙurar hunturu tana kankare ta duk lokacin da aka kunna. Ɗan soson da ke danna zaren a kan bakin rakoda shi ma yana ɓallewa da tsufa. Ko zaren ya tsira, ina rakodar? Manyan kamfanoni sun daina ƙera nagartattun injinan, robobin da ke juya su sun narke, masu gyaransu kuma sun koma gyaran waya ko sun tsufa. Hukumar UNESCO tare da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi shelar gargaɗi a 2019 cewa daga wajajen 2025 samun injinan karanta irin wannan zare zai yi wuya ƙwarai. Wancan gargaɗi an yi shi ne ga ɗakunan ajiya masu na'urar sanyaya ɗaki. To ina ga kaset ɗin da ke cikin kwalla a ɗakin kwano? Ga kuma abin da ya fi zafi da fumfuna saurin ci: shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin, an ƙona gidaje da rumbuna, mutane sun yi gudun hijira zuwa cikin Batsari da Katsina, wasu har Nijar. Wanda ya fita da dare da goyo a baya ba ya waiwayar akwatin kaset.

Za a ce ai duk wannan hayaniya ce, tunda yanzu komai yana cikin waya. Da kuɗi kaɗan mai tura waƙa zai cika maka memori da Shata da Ɗanmaraya har ka gaji. Gaskiya ne, kuma alheri ne; ba wanda ke son a koma cin zare. Amma a duba abin da ke cikin memorin. Waɗanda suka yi suna ne, su ma ba duka ba. Shata da ya rasu a 1999, wanda aka rubuta masa littafi guda, Shata Ikon Allah, a 2006, har yau babu mai iya bugun ƙirji ya ce ya tattara waƙoƙinsa kaf, kuma da yawa daga abin da manazarta suka samu a hannun masu ajiyar tsofaffin kaset-kaset suka samo shi. Idan haka lamarin yake ga mawaƙin da ya fi kowa shahara, makaɗin noman da bai taɓa wuce Runka ko Ruma ba fa? Babu wanda ya sa shi a intanet, domin babu wanda zai ci riba da shi. Ita ma wayar ba rumbu ba ce. Memori bai fi farce ba, yana ɓacewa, yana lalacewa a rana ɗaya ba sallama, alhali kaset ko ya tsinke a tsakiya sauran yana nan. Mutanen Batsari da Safana sun ga iyakar waya a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro, aka kuma taka wa sana'ar cajin waya birki, har sai a Disamba aka fara maido da layukan. Darasin shi ne a kwafe abin da ke kaset, amma kada a damƙa amanarsa ga waya ɗaya.

Wani zai ce, da hujja mai ƙarfi, mutanen da ba su iya zuwa gona sai da fargaba, waɗanda ake sace wa 'ya'ya a nemi fansa, su ne za a tara da zancen tsohon kaset? Babu mai hankalin da zai sa kaset gaba da rai. Sai dai ba a ce a ɗebi kuɗin tsaro ko na abinci ba. Aikin ba ya bukatar fiye da rakoda mai lafiya, da igiyar haɗawa, da kwamfuta, da mutum mai haƙuri, domin kaset mai minti 60 sai an ba shi minti 60 ɗinsa, ba a yi masa gaggawa. Kuma rashin tsaron shi kansa dalili ne na hanzartawa. Yaron da aka haifa a Yasore shekara goma da suka wuce bai san garinsu da komai ba sai harbi da gudu. Idan aka ambaci sunan garin a labarai, hari ne. Ya kamata ya ji da kunnensa cewa an yi lokacin da ake kwana ana kiɗa a dandali, ana tafiya kasuwa da dare ba fargaba, kakansa yana wasa da maƙwabcinsa na ruga. Duk ranar da za a zauna gyaran zama tsakanin al'ummun nan, za a bukaci shaidar cewa sun taɓa zama lafiya, kuma muryar waɗanda suka yi zaman ta fi jawabin kowane jami'i tasiri.

Akwai kuma masu ganin mafi yawan abin da ke ciki kiɗa ne da sharholiya, har da waƙoƙin da ke zuga ɓarayi da 'yan tauri, don haka ɓatansu ba asara ba ce. Ba sai an yi jayayya a kan hukuncin kiɗa ba kafin a amsa wannan. Da farko, kaso mai yawa na kaset-kaset ɗin karatu ne da wa'azi da waƙoƙin bege, kuma malaman karkara da suka rasu ba su bar littafi ba sai muryarsu. Na biyu, ajiye abu daban, yarda da shi daban. Mai son ya fahimci yadda satar shanu ta rikiɗe ta zama abin da muke gani yau zai ƙaru da jin yadda ake magana a kan ɓarawo da jarumi shekara arba'in baya. Damuwar da ta fi cancanta a saurara ita ce ta sirri. Wasiƙar kaset maganar gida ce, akwai bashi a ciki, akwai rikicin aure da na gado. Irin wannan sai da yardar iyali, kuma suna da ikon cewa a kwafa musu su kaɗai. Haka nan waƙar makaɗi haƙƙin magadansa ce, ba ganimar wanda ya riga kai ta kasuwa ba.

Idan muka yi sakaci, wasu za su yi aikin ta hanyarsu. A Birtaniya kaset ya dawo kasuwa a matsayin kayan ƙawa, har an sayar da kimanin 195,000 a 2022, amma wannan begen masu hali ne, waɗanda tuni suka adana abin da suke da shi. Mu namu bai kai ga ajiya ba. Misalin Mamman Sani na Nijar ya isa ishara: kiɗan da ya ɗauka a ƙarshen shekarun 1970 ya kwanta shekara da shekaru a kaset, sai da wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da shi a Yamai ya sake fitar da shi a 2013, sannan duniya ta san shi. An gode masa, amma baƙo abin da ya yi wa kunnensa daɗi yake ɗauka. Ba zai zo neman tafsirin limamin ƙauye ko gaisuwar ɗan ci-rani ba, ba zai ma iya shiga inda suke ba.

Masu iya shiga suna nan kusa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma maƙwabciyar Safana ce, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, kuma cikin ɗalibansu akwai 'ya'yan waɗannan garuruwa da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha tana da hurumin ajiya, gidan rediyon jiha yana da bakin yin shela, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, hakiman yankin, suna da dagatai da masu unguwanni da jama'a ke jin maganarsu. A sa tebur ɗaya a Batsari ranar kasuwa, wani a Safana. Mai kaset ya kawo, a kwafa, a mayar masa da abinsa tare da kwafi a memori, a ajiye wani a jami'a, wani a hukuma. Kada a jefa tsohon kaset cikin kowace rakoda don gwaji, domin kunnawa ɗaya a injin da ya lalace tana iya zama ta ƙarshe. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne a rubuta bayani: muryar wa ce, a wane gari, a bikin wa, wace shekara. Galibin kaset-kaset ɗin nan babu rubutu a jikinsu, ko kuwa tawadar ta goge. Wanda zai saurara ya ce wannan ai wane ne, makaɗin gidan wane, tsoho ne ko tsohuwa mai shekara saba'in zuwa sama. Zaren yana iya ƙara 'yan shekaru a akwati, su kuwa kullum ana kai su makwanci. Ranar da suka ƙare, ko an ceto sautin, za a ji murya ce kawai tana kiran sunayen da babu wanda ya san masu su.