Haɗa ƙaramin jirgi ba ɓata lokaci ba ne

Wani uba ya ce ina ɓata wa ɗansa lokaci, wai don mun haɗa ƙaramin jirgin yaƙin Japan, Mitsubishi G4M mai inji biyu. Ni ban yarda ba. Faɗin fikafikansa kusan mita 25 ne. A ma'aunin 1:72 ya koma wajen santimita 35. Yaron da lissafin rabawa ke ba wa tsoro, shi ya fitar da amsar da kansa.

Daga nan muka gangaro gida: a Janairun 1942 jirgin Jamus mai inji biyu, Heinkel 111, ya jefa bam a filin jirgin Fort-Lamy, wato N'Djamena tamu. Ɗalibaina ba su taɓa ji ba.

Kayan haɗin na roba akwai tsada, gaskiya. To amma kara da kwali fa, sun ƙare a unguwa ne?